Auguste Kerckhoffs: Malamin Harsunan Da Ya Raba Kwaɗo Da Makulli

Tun daga 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, makarantu da cibiyoyin jarrabawa suka cika da na'urorin da ɗalibai ke karɓa-karɓa a kansu. Bayansu kuma sai 'yan kasuwa suka biyo da kayan tsaro iri-iri: katin buɗe ƙofa, ɗan makullin da ake sokawa a kafar USB, igiyar ƙarfen ɗaure kwamfuta da tebur. Ma'aunin da ya dace a auna waɗannan kaya da shi kafin a biya kuɗi, wani malamin harsuna ne ya ajiye shi fiye da shekara 140 da suka wuce, mutumin da bai taɓa ganin kwamfuta ba. Da yake sana'armu ɗaya da shi, na ga ya kamata mai karatu ya san shi.

An haifi Auguste Kerckhoffs ranar 19 ga Janairu, 1835, a wani ƙaramin gari mai suna Nuth a kudancin ƙasar Holan. Ya yi karatu a Jami'ar Liège ta Beljiyam, sannan ya shafe shekaru yana koyar da harsuna a makarantun Holan da Faransa, yana rubuce-rubuce a kan nahawu da adabi. Daga bisani ya zama malamin Jamusanci a babbar makarantar koyon kasuwanci ta birnin Faris. Har zuwa nan babu abin da ya bambanta shi da dubban malamai irinmu, masu alli da jan biro.

A watannin Janairu da Fabrairu na 1883 ne ya wallafa wata doguwar maƙala kashi biyu a wata mujallar sojan Faransa, a kan ilimin ɓoye saƙo a fagen yaƙi. Lokacin Faransa ba ta gama warkewa daga kayen da ta sha a hannun Jamusawa a yaƙin 1870 zuwa 1871 ba, ga kuma wayar tangarahu ta sauya yadda kwamandoji ke aika umarni. Saƙon da a da ake ba ɗan aike guda, yanzu ɗaruruwa ne ke bin waya kullum ta hannun akawuna da dama. Kerckhoffs ya lura cewa dabarar da ta isa mutum biyu masu wasiƙa jifa-jifa ba za ta ɗauki wannan nauyi ba, sai ya jera sharuɗɗa 6.

Na biyunsu ne ya ɗauki sunansa har yau. Ma'anarsa ita ce kada tsaron tsari ya dogara ga ɓoye yadda aka gina shi. Ko da na'urar ta faɗa hannun abokin gaba, kada a yi asara, muddin makullin yana hannun mai shi. Kowane maƙeri ya san cikin kwaɗo, amma wannan sani bai ba shi ikon buɗe shagon maƙwabcinsa ba. Idan makulli ya ɓace, sai a sake wani a yini guda. Idan kuwa sirrin ƙirar ne ya fita, to duk kwaɗon da aka taɓa sayarwa ya tashi aiki. Ya kuma nace cewa masu fasa saƙo ne kaɗai ke iya shaidar ƙarfin tsari, ba wanda ya ƙirƙira shi ba.

A ganina, babu inda wannan zance ya fi zama daram kamar ɗakin kwamfutar makaranta. Abin da soja ke fargaba ya faru sau ɗaya a yaƙi, wato na'ura ta shiga hannun mai son fasa ta, a can kullum yake faruwa, domin yaro mai kaifin basira yana zaune gabanta sa'a biyu, ga lokaci, ga abokai, ga intanet. Saboda haka duk ɗan kasuwar da ya ce kayansa ba sa fasuwa don babu wanda ya san yadda suke aiki, ya riga ya faɗi aibinsu da bakinsa.

An ga haka a katin Mifare Classic, wanda aka yi amfani da shi a ƙofofin ofisoshi da jami'o'i da jiragen ƙasa na Landan. Kamfanin ya ɓoye lissafin da ke cikinsa shekara da shekaru. A ƙarshen 2007 wasu masu bincike suka bayyana a Balin cewa sun duba cikin katin da madubin ƙara girma sun gano ƙirar, a 2008 kuma masanan Jami'ar Radboud ta Holan suka nuna yadda ake kwafarsa. Kamfanin NXP ya garzaya kotu don hana wallafa binciken, kotu ta ƙi. Sabanin haka, tsarin AES da aka amince da shi a 2001 bayan gasa a bainar jama'a, kowa na iya karanta lissafinsa, kuma yana nan tsaye. A kan irin wannan buɗaɗɗiyar ƙa'ida aka gina makullan FIDO da ƙwayar TPM da Windows 11 ke buƙata.

Sharaɗinsa na shida, wanda aka fi mantawa da shi, ya ce tsari ya zama mai sauƙin aiki, ba mai tarin dokokin da ke gajiyar da ƙwaƙwalwa ba. Na sha ganin kalmar sirri a rubuce a takarda an manna ta a gefen allon kwamfuta, kuma ban cika ganin laifin ma'aikacin ba.

Sai dai a zamaninsa ba da wannan aka san shi ba. A 1885 ya rungumi Volapük, harshen da wani limamin Katolika Bajamushe, Johann Martin Schleyer, ya ƙirƙira wajen 1879 don ya zama harshen duniya. Kerckhoffs ya rubuta littattafan koyon sa, ya yi laccoci, har ya zama shugaban kwalejin da ke kula da harshen. A taronsu na Faris a 1889, da Volapük aka gudanar da muhawara. Nan kuma rigima ta kunno kai. Kerckhoffs yana son a sauƙaƙa nahawun don 'yan kasuwa su iya amfani da shi, Schleyer kuwa ya dage cewa harshen mallakarsa ne, babu mai taɓa harafi sai da yardarsa. Kowane ɗalibin kimiyyar harshe ya san wanda ke da gaskiya, amma gaskiyar ba ta hana ƙungiyar darewa ba. Kerckhoffs ya bar kujerar a farkon shekarun 1890, magoya baya da yawa suka koma Esperanto da ya fito a 1887.

Ya rasu ranar 9 ga Agusta, 1903, a ƙasar Suwizalan, yana da shekara 68, jama'ar harshen da ya ba ƙarfinsa sun riga sun watse.