James Parkinson: Likitan da ya fayyace cutar karkarwa amma gane-ganen masu ita ya kuɓuce masa

A shekarar 1817 wani likitan unguwa a birnin Landan ya wallafa ɗan ƙaramin littafi mai shafi 66 a kan wata cuta da ke sa hannun dattawa karkarwa, ta ranƙwafar da su, tafiyarsu ta koma kamar ana ingiza su gaba. Sunansa James Parkinson, kuma da sunan nasa duniya ke kiran cutar a yau.

Har gobe likitoci na jinjina yadda ya kwatanta alamominta. Sai dai tun a farkon littafin ya rubuta cewa cutar ba ta taɓa hankali, ba ta taɓa ji da gani. A nan ya yi kuskure. Yanzu an san cewa masu fama da ita da dama kan riƙa ganin mutane da dabbobin da babu su, wasu har su shiga zargin iyalansu a kan abin da bai faru ba.

Wane ne shi?

An haife shi ranar 11 ga Afrilun 1755 a yankin Shoreditch da ke gabashin Landan. Mahaifinsa John mai haɗa magunguna ne kuma likitan fiɗa, yana duba marasa lafiya a gida mai lamba 1 a dandalin Hoxton. James ya gaji sana'ar da gidan, kuma a nan ya yi kusan duk rayuwarsa.

Bai tsaya a aikin likita ba. A shekarun juyin juya halin Faransa ya riƙa rubuta ƙasidun siyasa da sunan aro na Old Hubert, yana neman a bai wa talakawa damar zaɓe. A 1794 aka gurfanar da shi gaban Firaminista William Pitt da majalisar mashawartan sarki domin amsa tambayoyi kan wata maƙarƙashiya da aka ce an ƙulla ta kashe Sarki George na Uku da kibiya mai guba. Ba a tuhume shi da komai ba. Daga baya ya ja baya da siyasa, ya koma nazarin burbushin halittun da suka daskare cikin duwatsu, ya fitar da littafi mai juzu'i uku a kai tsakanin 1804 da 1811, kuma yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masana duwatsu ta Landan a 1807.

Mutum shida kacal

Bayanin mutum shida ne cikin littafin na 1817, dukkansu maza. Uku ya duba da hannunsa. Biyu a kan titi ya gamu da su ya yi musu tambayoyi, ɗayan kuwa daga nesa kawai ya hango shi yana tafiya.

Ba za a ce rashin sanin taɓin hankali ne ya sa lamarin ya wuce shi ba. Ya yi shekaru yana duba majinyata a wani gidan masu taɓin hankali a Hoxton, har ya yi rubutu a 1811 kan dokar kula da irin waɗannan gidaje. Matsalar ita ce karkarwa a fili take, kowa na iya ganinta a kan titi, shi kuwa gane-gane a ɗaka yake faruwa, galibi da magariba ko cikin dare, kuma sai cutar ta yi shekaru a jiki. Mai shi kan ɓoye don kada a ce ya haukace. Dattijon da baƙo ya tare a hanya ba zai buɗe baki ya faɗi haka ba. Iyakar abin da Parkinson ya ambata shi ne yawan barci da ɗan sambatu a kwanakin ƙarshe na majinyaci.

Akwai kuma dalili na biyu: maganin da ke ƙara fito da matsalar bai zo ba sai bayan shekara 150.

Abin da aka gano bayansa

Shahararren likitan jijiyoyi na birnin Paris, Jean-Martin Charcot, shi ne ya raɗa wa cutar sunan Parkinson, shekaru da dama bayan rasuwarsa. A 1912 Friedrich Lewy na Jamus ya ga wasu dunƙulallun abubuwa cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar masu cutar, kuma yau an san cewa yaɗuwarsu zuwa sassan da ke sarrafa gani na da alaƙa da gane-gane. A 1960 aka tabbatar da ƙarancin sinadarin dopamine a ƙwaƙwalwar majinyatan, sannan a 1967 George Cotzias a Amurka ya nuna cewa maganin levodopa na rage sandarewar jiki da karkarwa.

Maganin ya tayar da mutanen da suka daɗe a kwance. Amma shi da danginsa masu ƙara ƙarfin dopamine kan iya tayar da gane-gane, ga shi kuma majinyata sun ƙara tsawon rai har suna kaiwa matakin da matsalar ke bayyana.

Abin kan fara a hankali. Mutum ya ji kamar akwai wani tsaye a bayansa, ya waiga bai ga kowa ba. Ko ya ga wani abu ya gilma ta gefen ido. Ko rigar da aka rataye ta rikiɗe masa zuwa mutum. Daga baya sai ya riƙa ganin yara ko baƙi ko kyanwa zaune a ɗaki, galibi ba sa magana. Da farko yakan san ba gaskiya ba ne. Idan abin ya yi nisa wannan sanin kan gushe, sai zargi ya shigo: ana sace masa kaya, ko matarsa ta shekara da shekaru tana cin amanarsa. Wannan ɓangaren ya fi karkarwar karya zuciyar masu jinya, kuma a gidajen da ba a san cutar na yin haka ba, nan da nan a danganta shi da aljanu ko sammu.

Likitoci kan fara da neman abin da ya tsananta lamarin, kamar ciwon mafitsara, ƙarancin ruwa a jiki, raunin gani ko wani sabon magani. Sannan su rage wasu magungunan sannu a hankali, domin tsayar da levodopa lokaci guda na da haɗari. Tsofaffin magungunan taɓin hankali irin su haloperidol, waɗanda ake saurin bayarwa idan tsoho ya ruɗe, kan ƙara sandarar da mai cutar Parkinson. Shi ya sa ake zaɓar clozapine ko quetiapine. A 2016 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da pimavanserin musamman domin wannan matsala.

Parkinson bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ya rasu ranar 21 ga Disambar 1824 sakamakon shanyewar ɓarin jiki, yana da shekara 69, aka binne shi a majami'ar St Leonard da ke Shoreditch. A lokacin an fi saninsa da littattafan duwatsu fiye da na cutar karkarwa. Babu wani sahihin hotonsa da ya rage, amma ranar haihuwarsa, 11 ga Afrilu, ita ce Ranar Cutar Parkinson ta Duniya.