Leo Fender: Mai gyaran rediyon da ya ƙera fitattun jitoci alhali bai iya kaɗa jita ba

Duk wanda ya taɓa kallon bidiyon mawaƙin Abzinawan Nijar Mdou Moctar, ya ga wata jita mai ƙaho biyu rataye a kafaɗarsa. Sunanta Stratocaster. Mutumin da ya ƙera ta, Leo Fender, har ya bar duniya bai iya kaɗa jita ba. Asalin sana'arsa gyaran rediyo ce, irin wadda ake yi a rumfunan kasuwar Gwandu ko Kalgo, kuma a wannan rumfa ya koyi ɗabi'ar da ta ɗaukaka shi: sauraron koken mai saye har sai an gano inda matsala take.

Daga akanta zuwa shagon gyara

An haifi Clarence Leonidas Fender ranar 10 ga Agustan 1909 a jihar Kalifoniya ta Amurka. Iyayensa manoman lemo ne. Yana ɗan shekara takwas aka cire masa idon hagu saboda wani ƙari da ya fito masa. Ya karanci aikin akanta, ya kuma yi aiki da shi, har lokacin da karayar tattalin arzikin shekarun 1930 ta raba shi da aikin.

A 1938 ya ranci dala 600 ya buɗe shagon gyaran rediyo a garin Fullerton. Sannu a hankali makaɗa suka fara kawo masa lasifikokinsu da jitocinsu na lantarki da suka lalace. Yana gyarawa yana lura da wuraren da suka fi saurin ɓaci. A 1946 ya kafa kamfaninsa na ƙera kayan kiɗa.

Jitocin da aka dawo masa da su

A wancan zamani ana manne wuyan jita da gangar jikinta da gam, don haka idan wuyan ya lalace gyaran na da wuya da tsada. Shi kuwa Fender da ya saba da kwance rediyo, sai ya ɗaure wuyan da sukurori huɗu, yadda za a kwance a sa sabo cikin ƙanƙanen lokaci.

Sai dai jitarsa ta farko, Esquire, da ta fito a 1950, ta zo da babbar matsala. Bai sa sandar ƙarfe a cikin wuyanta ba, domin ya ɗauka katakon zai iya jure jan tsirkiya shi kaɗai. Da jitocin suka isa wuraren da yanayinsu ya bambanta, sai wuyansu ya riƙa lanƙwashewa, kamar yadda hunturu ke yi wa ƙofar katako. Shaguna suka fara dawo da kaya. Don Randall, wanda ke kula da sayar da kayan, ya matsa masa lamba, shi kuma ya amince ya sa sandar. Jitar da aka gyara ita ce aka raɗa wa suna Telecaster a 1951, kuma har yau ana ƙera ta.

Haka ma Stratocaster ta samu a 1954. Makaɗa irin su Bill Carson sun koka cewa gefen Telecaster na sukar haƙarƙarinsu idan sun daɗe suna kiɗa. Fender ya fafe bayan sabuwar jitar, ya kuma sassabe inda hannu ke kwanciya. Yakan ba makaɗa samfuri su je su gwada a wurin wasa, su dawo su faɗa masa aibinsa. Da wannan jita Buddy Holly da Jimi Hendrix suka yi suna.

Bayan an sayar da kamfanin

A farkon 1965, saboda rashin lafiyar da ta daɗe tana damunsa, Fender ya sayar da kamfanin ga kafar yaɗa labarai ta CBS a kan dala miliyan 13. An kuma ƙulla yarjejeniyar cewa ba zai yi gogayya da su ba har tsawon shekara goma.

Sababbin masu kamfanin suka mayar da hankali kan yawan abin da ake fitarwa. A shekarun 1970 koke ya yi yawa daga shaguna da makaɗa: fenti ya yi kauri, jitoci sun yi nauyi, an mayar da sukurorin wuyan Stratocaster uku maimakon huɗu, kuma a wasu jitocin mahaɗar wuya da jiki ba ta zauna daram ba. Sunan Fender na nan a goshin jitar, amma mai sauraron koken ya tafi. Masu saye suka koma neman tsofaffin jitocin da aka ƙera kafin zuwan CBS, farashinsu ya riƙa hawa, har yau kuma su ne suka fi tsada a kasuwa.

A daidai wannan lokaci kamfanonin Japan suka shigo da jitoci masu kyau da araha. A 1985 CBS ta sayar da kamfanin ga wasu ma'aikatansa ƙarƙashin William Schultz a kan dala miliyan 12 da rabi, ƙasa da yadda ta saye shi shekara 20 baya. Babban aikin da ya fara fuskantar sababbin masu shi shi ne dawo da amincewar shaguna da makaɗa.

Ƙarshen rayuwarsa

Da wa'adin yarjejeniyar ya cika, Fender ya koma sana'arsa. A 1975 ya zama shugaban kamfanin Music Man, daga baya kuma shi da tsohon abokin aikinsa George Fullerton suka kafa G&L a garin Fullerton ɗin da ya faro. Cutar Parkinson, mai sa karkarwar jiki, ta kama shi a ƙarshen rayuwarsa, amma bai daina zuwa wurin aiki ba.

Ya mutu ranar 21 ga Maris ɗin 1991 yana da shekara 81. Shekara guda bayan haka aka sa sunansa a zauren karrama gwarzayen kiɗan Rock and Roll na Amurka, tare da makaɗan da suka ci abinci da jitocinsa.