Alhasan Ɗantata, Attajirin Kano

Tun zamanin da, ayarin Azbin yakan ratsa Damargu ya bi ta Damagaram ya sauka Kano. Fatake suna saye da wuri, wanda ake kawowa daga tsibiran Maldib, kusa da Indiya. Babu banki a lokacin. Attajiri yakan ba yaronsa kaya bashi, ya tafi ya yi wata da watanni, ya komo ya biya. Amana ita ce jarin kowa.

A cikin waɗannan fatake akwai Agalawa. Kakanninsu Buzaye ne da suka fito daga arewa, suka zauna ƙasar Hausa, suka shahara da fataucin goro. A cikinsu aka haifi Alhasan, a garin Bebeji na ƙasar Kano, a shekara ta 1877.

Alhasan yana ƙarami ubansa Abdullahi ya rasu. Uwarsa ta tafi Ankara, a ƙasar da ake kira Gana yau. Wata tsohuwa mai suna Tata ta goye shi, shi ya sa ake ce masa Ɗantata. An ce ita ta koya masa tattali, har ya riƙa jefa ɗan abin da ya samu cikin asusu.

A 1893 yaƙin basasa ya tashi a Kano. Aka kama Alhasan aka bautar da shi, amma daga baya ya fanshi kansa. Sai ya shiga fataucin goro. Da can jakuna ke ɗauko goro daga Gwanja, tafiyar wata da watanni. Alhasan ya ga jirgin ruwa ya fi sauri, sai ya riƙa ɗora goronsa daga Ankara zuwa Ikko.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa suka matsa da neman gyaɗa. A 1918 Alhasan ya fara saya wa wani kamfanin Turawa gyaɗa. Ga yadda yake yi: kafin kaka yakan raba wa yaransa kuɗi, su bazu cikin ƙauyuka, su saya daga hannun manoma. Wanda ya cika alkawari a ƙara masa jari baɗi. Ta haka buhunan gyaɗa suka yi ta taruwa a Kano, ana jera su tsibi-tsibi, ana ce musu dalar gyaɗa.

Kuɗi suka yi yawa a gidansa na unguwar Sarari. Kuɗin azurfa suna da nauyi, ga wuyar ƙirga, ga tsoron ɓarayi da gobara. A 1929 ya kai dukiyarsa bankin Turawan Ingila da ke Kano. An ce raƙuma 20 suka ɗauki kuɗin. A lokacin mutane da yawa sun fi yarda da tukunyar da suka binne cikin ɗaki.

Aikin banki bai sha bamban da abin da Alhasan ya saba yi ba. Banki yana karɓar ajiya, ya rubuta a takarda, ya ranta wa mai bukatar jari. In masu bashi suka ƙi biya, banki ke hasara; in hasarar ta yi yawa, tana iya shafar masu ajiya. Bankin da mutane suka daina yarda da shi ba ya daɗewa.

Alhasan Ɗantata ya rasu ran 17 ga Agusta 1955, aka binne shi a Sarari. A lokacin ana lissafa shi cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. Ƴaƴansa da jikokinsa suka ci gaba da kasuwancin.

Tambayoyi

1. Don me ake kiran Alhasan Ɗantata?
2. Yaya yake sayen gyaɗa daga manoma?
3. Me ya sa ya kai kuɗinsa banki?
4. Ku tambayi iyayenku yadda ake ba da bashi a kasuwar Tanut ko ta Balbeji.