Malam Muhammadu Bakatsine, Gwanin Hisabi Wanda Ya Karantar A Masar

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, a kasuwar Illela, inda fatake ke haɗuwa daga Sakkwato da Birnin Ƙonni, akan ga dattijo mai tarin karatu ya kira yaro ɗan boko domin ya juya masa kuɗin sefa zuwa naira. Daga irin wannan ne magana ta bazu cewa lissafi kayan Turawa ne, allo da tawada ba ruwansu da shi. Wanda ya ɗauki wannan magana gaskiya, to, ya saurari labarin wani malamin ƙasar Hausa wanda ya karantar da manyan Masar ilmin hisabi tun Turawa ba su mallaki ƙasar nan ba.

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafillace ne, Bakatsine, a kan mazhabar Maliku. Larabawa suna rubuta shi al-Fulani al-Kashnawi as-Sudani, suna kuma jingina shi ga garin Ɗan Ranko. Ya tashi a farkon ƙarni na goma sha biyu na Hijira, sa'ad da Katsina ke cike da malamai da fatake, ayari na shigowa daga Agadas da Barno, sunan Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani kuwa bai gushe daga bakin mutane ba.

Mafi yawan labarinsa ya zo ne ta hannun Abdurrahman al-Jabarti, mai tarihin Masar, a cikin littafinsa Aja'ibul Asar. Shi ya ambaci malamansa huɗu: Shaihu Muhammadul Wali ɗan Sulaimanu na ƙasar Bagarmi, da Shaihu Muhammadu Bindu, da Shaihu Hashimu, da Shaihu Muhammadu Fudu. Ya lazimci Shaihu Fudu wajen shekara huɗu, a gida da kan hanya, yana karanta sarfu da nahawu da littattafan adabi. Da fari malamin yakan kira shi mai Maƙamat, domin ya hardace ta har idan aka ambaci kalma ɗaya sai ya kawo abin da ke gabaninta ba tare da wani tsaiko ba. Da ya gwane a nahawu kuma sai ya riƙa kiransa Sibawaihi. Wajen Shaihu Bindu kuwa ya ɗauki ilmin haruffa da aufaƙu, da hisabi, da sanin lokuta, bisa hanyar mutanen Magrib. Dukan wannan karatu a ƙasashen baƙar fata ya yi shi. Bai tafi gabas ba sai da gurasarsa ta nuna.

Da ya nemi izinin malaminsa, sai ya kama hanyar hajji. Ya ratsa ƙasashe da yawa, ya gana da sarakunansu da malamansu, yana ɗaukar karatu duk inda ya sami wanda ya fi shi, har ya rubuta labarin tafiyar tasa. Ya yi hajji a shekara ta 1142, watau 1730 ta Miladiyya, ya zauna a Makka yana maƙwabtaka da Ɗakin Allah. A can ya fara wallafa littafinsa ad-Durrul Manzum, a kan taurari da ɗalasimai, wanda ya gina bisa wani littafi na Fakhruddin ar-Razi. Bai gama shi ba sai a Masar, cikin watan Rajab na shekara ta 1146.

Amma littafin da ya ɗaukaka sunansa wajen masu lissafi shi ne Bahjatul Afaƙ, wanda ya rubuta a shekara ta 1145, tsakanin 1732 da 1733. A cikinsa ya yi bayanin wafaƙi, abin da Hausawa ke kira hatimi. Almajirai da yawa sun kwafi hatimi a allo ba tare da sun san ƙa'idar da ke riƙe da shi ba, alhali kuwa ƙa'idar hisabi ce tsantsa. Ga hatimi mai gida tara: layi na fari 4, 9, 2, layi na biyu 3, 5, 7, layi na uku 8, 1, 6. Duk layin da aka tara, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 zai ba da. Dalili kuwa, jimlar 1 zuwa 9 ita ce 45, idan aka raba ta ga layi uku kowane ya sami 15. Haka hatimi mai gida 25, jimlarsa 325, kowane layi 65. Mai gida 49 kuwa jimlarsa 1225, kowane layi 175. Akwai hanya mafi kusa: a ɗauki adadin da ke tsakiyar jerin, a ninka shi da yawan gidajen layi ɗaya. Biyar sau uku 15, sha uku sau biyar 65, ashirin da biyar sau bakwai 175.

Malam Muhammadu bai tsaya ga ba da hatimi a gama ba, irin wanda ake kwafa a rufe. Ya shimfiɗa hanyoyin gina hatimin da gefensa mara ne, watau uku da biyar da bakwai da abin da ya bi su, yadda ɗalibi zai iya cika gidajen da kansa kome yawansu. Cikin hanyoyin akwai wadda ke bin tafiyar doki a darar da ake kira shaɗaranji, gida biyu gaba, ɗaya a gefe. Ya kuma gargaɗi ɗalibi da kada ya yanke ƙauna idan lissafi ya ƙi fita, ya sake komawa kansa, domin wannan fanni ba ya buɗewa sai ga mai naci. Wannan ita ce alamar malami na ƙwarai, wanda ke son almajirinsa ya wadatu da barinsa wata rana.

Ya yi bayani kuma a kan hisabin haruffa, wanda mawaƙan Sakkwato suka riƙa rufe waƙoƙinsu da shi, suna kiransa ramzi. Alif ɗaya ne, ba biyu, jim uku, dal huɗu, ya goma, nun hamsin, ƙaf ɗari. Mutanen Magrib da na gabas sun saɓa a wasu haruffa: a hisabin Magrib, wanda malaman ƙasar Hausa ke bi, shin ne dubu, a na gabas kuwa gain ne dubu. Wanda bai san wannan saɓani ba zai karanta ramzi ya kuskure shekara da ɗaruruwa. Idan aka haɗa shin da ƙaf da nun da dal bisa hisabin Magrib, sai a sami 1154.

Malamai sun yi magana mai yawa a kan ɗalasimai da hukunci da taurari, waɗansu sun hana, waɗansu sun yi sharuɗɗa. Wannan mas'ala tana wurinta a littattafan fiƙihu. Amma tarawa da ninkawa da rabawa da ke cikin hatimi ba wanda ya yi saɓani a kansu, kuma su ne masu lissafi na duniya suka riƙe daga aikinsa. Bayan waɗannan yana da Bulugul Arab a fannin nahawu, da waƙe a fannin manɗiƙi mai suna Minahul Ƙuddus wadda shi da kansa ya yi wa sharhi.

A birnin Alƙahira ya fara zama a unguwar Darbul Atrak kusa da masallacin Azhar. Can ya haɗu da Shaihu Hasan al-Jabarti, mahaifin mai tarihin, babban malamin Hanafiyya wanda ya shahara a ilmin falaki, ya kuma wallafa littafi a kan ma'aunai domin gyara awon kasuwannin Masar. Mutum mai irin wannan daraja ya zauna gaban Bakatsine ya ɗauki ilmin aufaƙu da hisabin haruffa. Zumunci ya yi ƙarfi tsakaninsu har Malam Muhammadu ya koma gidansa da zama. A nan ajali ya same shi a shekara ta 1154, watau 1741, bayan ya sanya Shaihu Hasan wasiyyi a kan dukiyarsa da littattafansa. Shaihu Hasan ya binne shi a maƙabartar Mujawirin, a sashen da ake kira Bustanul Ulama, ya gina alama bisa kabarin, ya rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa. Shekara goma sha uku bayan haka, a 1754, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta ta ƙasar Gobir.

Sunansa bai ɓace ba. Akwai kwafin littafinsa na aufaƙu a ɗakin karatu na Jami'ar Landan. A 1967 Malam Hassan Ibrahim Gwarzo ya yi rubutu a Ibadan a kan hisabinsa na ramzi, a 1973 kuma wata malamar lissafi ta Amurka, Claudia Zaslavsky, ta bayyana hanyoyinsa a cikin littafinta na lissafin mutanen Afirka.

Abin da ya rage shi ne makarantun allo na ƙasar da ta haife shi. Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da ɗa namiji: asalin mas'ala 24, mata ta ɗauki sumuni, kashi 3, uwa ta ɗauki sudusi, kashi 4, ɗa ya ɗauki 17 da suka saura. Wanda bai iya rabawa ba zai ci haƙƙin maraya ko na gwauruwa yana zaton ya yi adalci. Falke yana fitar da ɗaya cikin arba'in na kuɗinsa, mai tumaki arba'in yana fitar da ɗaya, manomin damina ushiri, mai ban ruwa da wahala rabin ushiri. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke tsayuwa ba da hisabi ba. Ya kamata malamin da ke biya wa almajiri Ahalari da Risala ya ware masa lokaci na tarawa da rabawa a bayan allo, kamar yadda Shaihu Bindu ya yi wa almajirinsa.

Allah ya jiƙan Malam Muhammadu Bakatsine da malamansa, ya haskaka kabarinsa, ya amfanar da jama'a da ilminsa. Amin.