Tarihin Jean Piaget, Masanin Hankalin Yara

An haifi Jean Piaget ran 9 ga Agusta, 1896, a garin Neuchatel na ƙasar Switzalan, watau ƙasar da aka haifi Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano cikin 1909. Tun yana yaro ba abin da ya ke sha'awa kamar binciken halittu, har cikin 1918 ya sami digirin dakta a kan dodon koɗi da danginsa.

Daga nan ya tafi birnin Faris, aka sa shi aikin gwada basirar 'yan makaranta. Can ne ya lura yaran da su ke tsara ɗaya kuskurensu ma iri ɗaya ne. Sai ya shiga tambayar kowane yaro dalilin amsar da ya ba da. Da haka ya gane tunanin yaro yana da tasa hanya, dabam da ta babba.

Cikin 1921 aka kira shi birnin Janiba ya shugabanci bincike a makarantar Rousseau. Ya yi aure cikin 1923, ya sami 'ya'ya uku, shi da matarsa Valentine suka riƙa rubuta yadda wayonsu ke buɗewa tun daga goyo. Ya kasa girman hankali mataki huɗu: daga haihuwa zuwa shekara 2, zuwa 7, zuwa 11, sa'an nan lokacin balaga, sa'ad da yaro ke iya auna abin da bai gani ba.

Ga ɗaya daga gwaje-gwajensa. A zuba ruwa daidai wa daida a kofi biyu, a juye ɗaya cikin wani dogon kofi siriri. Ɗan shekara 5 ya kan ce na dogon ya fi yawa, ɗan shekara 8 kuwa ya san ruwan bai ƙaru ba.

Ya riƙe Ofishin Ilmi na Duniya daga 1929 zuwa 1968. Ya rasu a Janiba ran 16 ga Satumba, 1980. Masanan baya sun nuna yara kan iya wasu abubuwa kafin shekarun da ya ƙayyade, amma tushen maganarsa bai rushe ba.

To, malaman Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, in yaro ya yi kuskure, kafin a ɗauki bulala a tambaye shi yadda ya yi ya kai ga amsar. Sau da yawa ba daƙiƙanci ba ne, lokacinsa ne bai yi ba.