Malam Abdu Mumuni, masanin da ya sa rana aiki

Duk ɗan makarantar da ya gama lise a Dogon Dutsi ko Tibiri, ya hau mota ya bi ta Doso ya nufi Yamai neman ƙarin ilimi, in ya ƙetare gadar Kennedy zuwa Harobanda zai tarar da babbar makarantar ƙasarmu, wadda aka rubuta ma suna Jami'ar Abdou Moumouni. Iyaye da yawa a Arewa sun san wannan suna, don suna ganinsa bisa takardun ƴaƴansu. Amma kaɗan ne suka san mai sunan, da aikin da ya yi har ƙasa ta ga ya cancanci wannan girma. Shi ya sa yau muka kawo muku tarihinsa.

Haihuwa da karatu

An haifi Abdu Mumuni Joffo ran 26 ga watan Yuni 1929 a Tasawa, cikin jihar Maraɗi ta yanzu. Asalin gidansu Kirtashi ne, a bakin kogin Kwara. Ya fara lakwal a Damagaram, daga nan ya wuce Yamai. A wannan zamani babu makarantar gaba sosai a Nijar. Yaron da ya fi tsaransa ƙwazo sai a aika da shi Senegal, makarantar William Ponty, wadda ta horar da malamai da ma'aikatan ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa. Can ne Bubu Hama da Diori Hamani da Modibo Keita na Mali suka yi karatu gabaninsa. Galibin waɗanda suka fito daga Ponty sukan koma gida a ba su aji ko ofis, karatu ya tsaya nan. Shi kuwa Abdu Mumuni ya zarce lise a Dakar, sa'an nan ya tafi birnin Paris.

A jami'ar Paris ya zaɓi ilimin fizik, watau sanin yadda haske da zafi da wuta da motsi suke aiki. Ya sami lisans a 1953. A 1956 ya ci jarrabawar agiregasiyo, gasa ce mai tsanani wadda Faransa take zaɓen manyan malaman lise da ita, kuma gurabenta ƙidayayyu ne kowace shekara. Shi ne ɗan baƙar Afirka na farko daga ƙasashen renon Faransa da ya ci ta a fannin fizik. A lokacin nan, akwai masu cewa lissafi da kimiyya sun fi ƙarfin kan baƙin mutum. Wannan nasara ta ba su amsa ba tare da gardama ba.

Neman ƴancin kai

Zamansa a Faransa bai tsaya ga littafi kaɗai ba. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ɗaliban baƙar Afirka da ke Faransa, wadda aka sani da FEANF, da kuma jam'iyyar PAI da aka kafa a Senegal a 1957 don neman cikakken ƴancin kai. Ya fara koyarwa a Dakar. Ran 28 ga watan Satumba 1958 aka yi ƙuri'ar raba gardama da Janar de Gaulle ya shirya, ƙasar Gine ita kaɗai ta ce a'a. Faransa ta kwashe ma'aikatanta da malamanta, makarantu suka zama ba masu koyarwa. Abdu Mumuni yana cikin ƴan Afirkan da suka bar aikinsu mai albashi tabbatacce suka tafi Konakiri don kada ajujuwa su rufe. Bayan haka ya koyar a Yamai na ɗan lokaci, sa'an nan ya tafi Tarayyar Sobiyet, inda ya zurfafa bincike kan ƙarfin rana a farkon shekarun 1960.

Littafinsa kan ilimi

A 1964 aka buga masa littafi a Paris mai suna L'Éducation en Afrique, watau Ilimi a Afirka. An juya shi zuwa Ingilishi a 1968, aka kuma sake buga shi a 1998. Wannan littafi ya shafe ku kai tsaye, ku da kuka koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci.

Da farko ya bayyana irin tarbiyyar da kakanninmu suke ba ƴaƴansu tun kafin zuwan Nasara: yaro yana koyon noma a gona, ƙira a maƙera, tarihi da ladabi a bakin tsofaffi, kuma dukan gari ne malaminsa. Sa'an nan ya nuna cewa lakwal ɗin mulkin mallaka an gina ta ne don ta fitar da tafintoci da akawuna da ƙananan ma'aikata, ƴan kaɗan daidai bukatar kwamandan. Shaida kuwa ga ta: lokacin da Nijar ta sami ƴancin kai a 1960, yaran da ke lakwal ba su kai 5 cikin 100 ba.

Daga nan ya kawo shawara. Yaro ya fara karatu da harshen da ya sha a nono, domin wanda aka ɗora ma koyon baƙon harshe da koyon ƙirga a lokaci guda, an ɗora masa kaya biyu. A koya ma manya karatu da rubutu da harsunansu, maza da mata, cikin gaggawa. A haɗa makaranta da gona da sana'a, don kada ɗan lakwal ya fito yana jin kunyar hauya. A ba kimiyya da fasaha babban matsayi, domin ƙasar da ba ta da masu ƙera mata kaya, kullum tana hannun mai sayar mata.

Shekara biyu bayan fitowar littafin, a 1966, hukumar UNESCO ta tara masana a Bamako suka daidaita baƙaƙen rubuta Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da harshen Buzaye. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Mutane da yawa ne suka sa hannu ga waɗannan ayyuka, amma littafin Abdu Mumuni yana cikin waɗanda suka share musu hanya.

Aikin rana

Daga 1964 zuwa 1969 ya zauna Bamako, yana koyarwa, ya kuma kafa ma ƙasar Mali ɗakin binciken ƙarfin rana. Cikin waɗannan shekaru, a 1967, ya sami babbar takardar dokta ta Faransa, da bincike kan maduban da ke tattara hasken rana wuri ɗaya. A 1969 ya komo gida aka ba shi shugabancin ONERSOL, ofishin ƙarfin rana na Nijar, ya riƙe shi har 1985.

Tunaninsa mai sauƙin fahimta ne. Ƙasarmu ba ta da bakin teku. A wancan lokaci duk man fetur da kananzir daga waje suke zuwa, da tsada. Itacen girki kuwa kullum ƙara nisa yake da gari. Amma da tsakar rana, in sama ta washe, kowane fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1 yana karɓar ƙarfin da ya kai wajen wat 1000, kyauta, daga Gaya har Bilma. Abin da ya rage shi ne dabarar kama shi.

Ga irin kayan da aka ƙera a ONERSOL. Akwai tukunyar ɗuma ruwa: faifan ƙarfe ne da aka shafa ma baƙin fenti, aka bi shi da bututu, aka rufe cikin akwati mai murfin gilashi. Baƙi yana shan zafi, gilashi yana hana shi fita, ruwan da ya yi zafi ya hau tanki da kansa, mai sanyi ya sauko ya maye gurbinsa. Akwai na'urar tace ruwa: rana ta mai da ruwa tururi, tururin ya taru jikin gilashi ya gangaro tsarkakakke, gishiri da dauɗa su zauna ƙasa. Akwai murhun rana, madubi mai siffar ƙwarya wanda ke tara haske a gindin tukunya. Akwai kuma injin da zafin rana ke juyawa, wanda aka yi don jawo ruwa da ba da wuta.

Zamani bai daɗe ba ya gaskata shi. Farin da ya tsananta a 1973 ya kashe dabbobi da itatuwa a duk faɗin Sahel, kuma a ƙarshen wannan shekara kuɗin man fetur ya ninka wajen sau huɗu a kasuwar duniya. Ƙasashen da da can ba su kula da maganar rana ba suka shiga nemanta, sunan Yamai kuwa ya shiga cikin wuraren da ake ambato a wannan fanni.

Shugabancin jami'a

An buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai a 1971, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973. Shugabanta na farko shi ne Bubakar Ba, masanin lissafi. A 1979 aka naɗa Abdu Mumuni ya gaje shi. Bayan ya sauka daga shugabanci bai bar alli ba, ya ci gaba da koyar da fizik a sashen kimiyya har ƙarshen rayuwarsa. Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ran 7 ga watan Afrilu 1991, yana da shekara 61. A 1992 aka sa ma jami'ar sunansa.

Wannan al'ada ta girmama masana ta ɗore. Jami'ar Maraɗi tana ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo, ta Damagaram sunan André Salifou, ta Tawa sunan Djibo Hamani, ta Tilaberi kuwa sunan Bubakar Ba. Jiharmu ta Doso ma ta sami tata jami'a a 2014.

Abin da ya bari

Gaskiya ita ce aikin nasa bai kai inda ya so ba. Ƙarfe da gilashi daga waje ake sayo su, don haka kayan ONERSOL sun fi ƙarfin aljihun manomi, suka tsaya galibi a birni. Falankin rana da muke gani yau bisa rufin gidaje da asibitocin ƙauye da rijiyoyin burtsatse a Matankari da Gesheme da sauran garuruwan Dallol Mauri, wata dabara ce daban, mai juya haske ya zama lantarki kai tsaye, kuma a ƙasashen waje ake ƙera su. An buɗe tashar wutar rana mai megawat 7 a Malbaza a 2018, da mai megawat 30 a Goru Banda kusa da Yamai a 2023. A watan Agusta na wannan shekara ta 2023, da aka yanke wutar da ke zuwa mana daga Nijeriya, kowa ya ji a jikinsa abin da malamin ya hango tun shekara hamsin da suka wuce. Wutar aro ba ta da tabbas.

Saura biyu ke gabanmu. Na ɗaya, ƴaƴanmu su koyi ƙera kayan rana da gyaransu a nan gida, kada mu tsaya ga saye. Na biyu, karatu da harsunanmu ya samu littattafai da malamai da zai tsaya da ƙafafunsa. Ma'aikacin da ke riƙe da kasafin makaranta, da magidancin da ke shawarar ko ya bar ɗiyarsa ta ci gaba da lakwal, kowannensu yana da rabo cikin wannan aiki. Yaron da ya fara a Damagaram ya kai Paris ya komo da abin amfani, irinsa suna nan cikin ajujuwan Arewa, taimako kawai suke jira.

Allah ya jiƙan Malam Abdu Mumuni, ya sa ya huta, ya ba ƙasarmu masu gadonsa. Amin.