Jak Kusto, Maharbin Kifin Da Ya Ajiye Mashi

Ku da ke zaune a Ikko ko Fatakwal wataƙila kun taɓa ganin masu nutso goye da tukunyar iska. To, wannan kaya aikin wani Bafaranshe ne, Jak Kusto, shi da injiniya Emil Ganyan.

An haifi Kusto a 1910. Ya shiga sojan ruwa a 1930 da burin tuƙa jirgin sama, sai hatsarin mota ya kakkarya masa hannuwa. Iyon da ya riƙa yi a tekun Tulon a 1936 don su warke, shi ya haɗa shi da maharba kifi da mashi, cikinsu har da gwaninsu, Firedarik Duma. A zamanin nan riƙe numfashi ake yi a nutse. In babban kifi ya sha mashi ya faɗa kogon dutse, dole maharbi ya saki igiya ya taso, in yana son ransa.

Kusto ya fara gwada zallar iskar oksijin. Sau biyu tana sa shi jijjiga kamar mai farfaɗiya, a zurfin da bai fi mita 15 ba. Ya yi maza ya kwance ɗamarar dalmar da ke ƙugunsa, ruwa ya taso da shi a sume. Har yau wannan ɗamara ana yi mata maɗauri mai saurin kwancewa.

A 1943 suka fito da Aqua-Lung, watau iskar da muke shaƙa ce aka matse a tukunya, da wani famfo mai sakinta daidai lokacin da mutum ya ja numfashi. Amma zurfi na da nasa maye. A 1947 abokin aikinsu Moris Farg ya kai mita 120, ya suma, aka jawo shi babu rai.

Fim ɗinsa na 1956 ya ci babbar kyauta a birnin Kan, ko da yake a ganina akwai abin kunya ciki: sun tayar da nakiya a cikin ruwa, kifaye suka mutu rututu. Daga baya ya juya, kyamara ta zama makaminsa, har ya kafa ƙungiyar kare teku a 1973. Dokar Faransa kuwa ta hana mutum ya goya tukunyar iska kuma ya ɗauki bindigar mashi.

Ya mutu a Faris ran 25 ga Yuni, 1997, yana da shekara 87.